Na Farko Na Tafki Ne

St. Agatha, Maine
23 ga Mayu, 1994

Zuwa ga Yayata Ginette,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa daga ƙaninki Reno. Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Normand da yara. Allah ya tsare ku a can Hartford, ya sa albarka a aikinki, ya raya mana su Monique. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ni da biro ba mu taɓa shiri ba tun da na bar makaranta na shiga rumbun dankali. Mu nan muna nan. Goggo Priscille ta dawo gidanmu da zama tun bayan Ista, tana kwana a ɗakinki, kuma babu cokalin da ba ta sauya wa wuri ba a kicin. Gwiwarta na damunta, amma bakinta lafiya lau. An fara huɗa a gonakin kan tudu, na gangare kuwa har yanzu caɓi ne.

Yaya, abin da ya sa na rubuto maimakon in kira ki shi ne wayar tana gefen gadon Baba, kuma ya rantse duk wanda ya tayar miki da hankali ba shi ba shi. Abin da yake faɗa miki ranar Lahadi, wai ya ji sauƙi har yana cin dankali uku, ba gaskiya ba ne. Yakan tara ƙarfinsa tun safe saboda wannan kiran, idan ya ajiye wayar sai ya kwanta ya kasa magana har yamma. Ciwon maƙogwaron ya ci gaba. Likita ya ce mu kai shi gida mu riƙa yi masa abin da ransa yake so, kin kuwa san ma'anar wannan magana. Mun jawo gadonsa zuwa tagar falo mai kallon tafki. Zoben auren da ya yi shekara talatin bai fita daga yatsansa ba, ranar Talata na tsince shi a cikin bargo.

Ƙanƙarar da ta rufe tafki ta tashi ranar biyar ga wata. A ranar Goggo ta yi masa ploye, wainar nan tamu mai laushi, ta shafa man shanu, ta dafa romon kaza, ya ture duka. Ya ce shi ba jariri ba ne da za a riƙa bin sa da cokali. Wai idan ana so ya ci abinci, a kawo masa kifin samon na bana, wanda aka kama daga kan Kujera, dutsen nan nasa na bakin rafi, a soya da man shanu, a bar fatar ta yi ƙus-ƙus. Goggo ta je Fort Kent ta sayo na kanti ta soya a ɓoye. Ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce wannan kifin bai taɓa gudun kowa ba a rayuwarsa, a ba kyanwa. Goggo ta ce masa taurin kansa ne ya kashe musu uwa, shi kuma ya ce girkinta ne ya kashe mata miji. Haka suke yini, kuma ni ban hana su ba, don lokacin ne kaɗai nake jin muryarsa ta dā.

To tun daga ranar nake fita da sassafe. Sanyin bana ba irin na kullum ba ne. Iska tana busowa daga arewa, ruwa yana daskarewa a kan zaren fatsa, sai na sa shi a baki na narkar kafin in sake jefawa. Ƙananan kifin nan da samon ke biyowa zuwa gaɓa, waɗanda muke kira 'yan azurfa, sun yi ƙaranci ƙwarai. Dā rafin yakan yi baƙi da su, bana sai in daɗe da raga kafin in tara goma. Ina ɗinka su a ƙugiya da allura yadda Baba ya koya mana, a ɗan lanƙwasa jikin don ya riƙa juyi kamar mai rauni. Kafin in fita sai na kai masa ɗaya ya duba. Kullum sai ya ce ɗinkin nan kamar facin wandon tuzuru, amma in je haka, wataƙila a samu makahon kifi. Tsoho Valier maƙwabcinmu yana zuwa ya tsaya kusa da ni da tasa sandar. Shi ma bai kama komai ba bana, amma wannan bai hana shi tsokana ba. Yakan kira ni da sunan Baba ya ce ɗan Aurel, kifayen sun ji labarin zuwanka sun tsallaka Kanada. Wai ya ga gumakan coci da suka fi ni motsi. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, ni dai a kan dutsen na zauna kwana takwas, ban ga romo ba.

Rana ta tara, wajen ƙarfe bakwai, ana yayyafi mai haɗe da ƙanƙara, sai sandar ta lanƙwashe. Yaya, ban taɓa ganin irinsa ba. Ya yi tsalle sau huɗu, fari tas kamar an goge azurfa, tsawonsa ya kai daga gwiwar hannuna zuwa ƙarshen yatsu har da ƙari. Valier ya yar da tasa sandar yana ihu, kada ka ja, jakin banza, bar shi ya gaji! Na bar shi ya gaji. Na shiga ruwan har gwiwa, na tallafo shi da hannu biyu, na zare ƙugiyar. Sai na ji bakina yana cewa na farko na tafki ne, na biyu na gida, na buɗe hannuwana, ya tafi.

Kin tuna ranar da kina shekara tara kika kama naki na farko, Baba ya sa kika mayar, kika yi kuka har gida kika ƙi yi masa magana kwana biyu? Tun zamanin kakanmu ba a taɓa kai samon na farkon shekara gidan nan ba. Wallahi ban yi shawara da zuciyata ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Sai da na ga wutsiyarsa ta ɓace sannan na tuna dalilin tsayuwata a wurin. Sabo turken wawa. Valier ya cire hularsa ya buga da ƙasa. Ya ce shekararsa saba'in da huɗu bai taɓa ganin wanda ya saki ran ubansa a ruwa yana kallo ba. Daga baya ya ga fuskata, ya miƙo mini kofinsa na shayi.

Na dawo gida da niyyar in ce ban kama komai ba. Na manta da madubin hangen nesan da ke kan ƙirjin Baba. Ashe kullum yana kallona ta taga. Na shiga na tarar yana dariya har tari ya sarƙe shi, Goggo tana bubbuga masa baya tana zagin mu duka biyu. Da ya samu numfashi ya ce da na kuskura na shigo da kifin nan, da ni da shi sai ta taga. Ya ce ya daɗe yana shakkar ko an musanya ni a asibiti saboda munin ɗinkina, amma yau ya tabbata ni ɗansa ne. Ya kama hannuna, har yanzu da sanyin ruwa, ya riƙe ya daɗe. Sannan ya ce to, an sallami tafki, saura na gida.

Yau kwana tara ke nan, na gida bai zo ba. Ko taɓa zaren ba a sake yi ba. Valier ya daina tsokanata, wannan kuwa ya fi tsokanar ciwo. Yana zuwa kullum, ya ce idan ya kama sai mu ce ni ne, amma shi ma tafkin ya juya masa baya. Baba ruwa kawai yake kurɓa, wani lokaci cokali biyu na romo idan Goggo ta yi masa kuka. Na lura ko ruwan sai ya rufe ido kafin ya haɗiye, don haka na fara tunanin ko na kawo kifin ba zai wuce ba, kuma shi ma ya sani. Ina jin so yake ya riƙa ganina a kan Kujera maimakon in zauna a gefensa ina ƙirga numfashinsa. Shekaranjiya madubin ya fi ƙarfin hannunsa, Goggo ce ta riƙe masa. Jiya bai ce a ɗaga labule ba.

Kin san yadda Baba yake auna ruwa. A tsoma hannu har wuyan hannu a karanta addu'ar A gaishe ki Maryamu. Idan sanyi ya sa ka cire kafin ka kai rabi, samon yana kusa da gaɓa. Ranar da ka iya kaiwa Amin, ya koma can cikin zurfi inda mai tsayuwa a kan dutse ba ya isa, sai kuma wata shekara. Ranar da ƙanƙara ta tashi ban wuce layin farko ba. Makon jiya na kai tsakiya. Yau da safe na tsoma hannu na yi ta karantawa, na wuce mu masu zunubi, na kai yanzu, sai na cire. Ba sanyi ne ya sa na cire ba, Yaya. Abin da ya rage na addu'ar ne na kasa faɗa, wato da lokacin mutuwarmu.

Na san kin shirya zuwa a watan Yuli kamar kullum, kuma na san ba a barin aiki da yara haka kawai. Amma gani ya kori ji. Kada ki jira Yuli. Kada kuma ki kira ki tambaye shi, zai ce miki ya ci dankali uku. Ki shiga mota ki taho, ki ce masa kewar gida ce ta kawo ki. Idan kin iso da safe ba ki same ni ba, ina kan Kujera. Ki ɗaga masa labulen, ki riƙe masa madubin, don ke ba zai ce miki a'a ba.

Ki gaida Normand ƙwarai, ki gaida Monique da ƙaramin Gilman, ki ce masa sandar da na yi masa alkawari tana nan a rataye. Goggo Priscille tana gaishe ki, ta ce ki taho da rigar sanyi, kuma ta ce baƙar rigar nan taki ma ki sa a jaka, kada ki tambaye ta dalili. Valier ma ya ce a gaida yarinyar da ta yi kukan kifi. Allah ya kawo ki lafiya, ya sa ki same mu yadda muke.

Ƙaninki mai jiran isowarki,
Reno