Ki Sauke Kamalu Ya Taka Ƙasa

Assalamu alaikum ɗiyata Mansura,

Ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da angona Kamalu. Ni nan Jidda sai godiya, gwiwoyi ne kawai ke ɗan gardama da matakalar gidan aikin.

Hotuna ukun da kika aiko sun iso, kuma a dukansu Kamalu yana goye. Yaro ya kusa shekara biyu, kin ce har gudu yake yi, amma ban ga ƙafarsa a ƙasa ba. Bayanki kuma na hango turmin nan da aka ce an fitar tun ranar da ma'aikata suka kwashe ƙasar tsakar gida saboda gubar dalma.

Allah Ya yafe mini zato, ba na son ɗaukar alhakin kowa. Amma ki faɗa mini tsakaninki da Allah: an koma dakan duwatsun zinari a gidan ne?

In ƙasar lafiya take, ki sauke shi a ɗauko mini shi tsaye. In kuwa kina tsoron sauke shi, kar ki tsaya rubuto mini amsa, ki kai shi asibiti a Anka.

Allah Ya raya mana shi.

Innarki,
Hajara