Haƙorin Ummita Yana Wurina

Unguwar Bolewa, Potiskum
Litinin, 19 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata Murjanatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da takwarata Ummita, Ya tsare ku a can Fatakwal, Ya sa albarka a aikinku. Mu nan lafiya, sai dai abin da ba a rasa ba. Gwiwar babanku ta dama ta sake tashi, amma ba ta hana shi zuwa kasuwar shanu ba. Sai ya dawo gida yake tunawa da ita, musamman idan buta ta yi masa nisa. Yayanku da iyalinsa ƙalau suke. Ƙanwarki Bintu ta yi zazzaɓi kwana uku ta warke, har ta koma cin tuwo malmala biyu. Ni kuma idona ne kawai yake ruwa idan na daɗe a kan littafi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Babaji direba zai sauko da shanu wajenku jibi, na ce ya ba ki hannu da hannu. A waya ba na samun bakin magana. Kafin in gama gaisuwa kin ce kina wurin aiki, ko layi ya yanke, ga Bintu tsaye a kaina tana jiran wayarta. A takarda kuwa ba mai katse ni. Da hannuna na rubuta, yau kwana huɗu ina yi, saboda haka in kin ga harafi ya karkace ki yi haƙuri. Hannun da ya shekara arba'in yana riƙe muciya bai gama sabawa da biro ba.

Maganar haƙorin Ummita ce ta sa na zauna rubutu. Kin tuna safiyar da za ku koma bayan hutun Disamba, mai keke yana ƙofar gida yana jira, ke kina ta neman takalminta ɗaya? A lokacin ne haƙorinta na gaba, wanda ya kwana biyu yana girgiɗi, ya fita. Ta naɗe shi a ledar alewa, ta zo ta buɗe tafin hannuna ta saka, ta rufe mini yatsu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta yi mini magana mai tsawo da Turanci. Ko kalma ɗaya ban ji ba. Na gyaɗa kai ina murmushi, yadda na yi mata sati biyu cur. Murjanatu, abin nan ya tsaya mini a rai. Jikata mai sunana ta kwana goma sha huɗu a ɗakina, kwanonmu ɗaya, tabarmarmu ɗaya, amma hirarmu ba ta wuce nuni da hannu ba. Ban ce laifinki ba ne, na san yadda garin naku yake. Ina gaya miki ne don ki san inda ke yi mini ƙaiƙayi.

Bayan kun sauka lafiya na sa Bintu ta tambaye ki yadda za a yi da haƙorin. Da na nemi amsa sai ta ce wai kin ce in ajiye, za a yi magana. Amma na ga tana maganar tana kallon bango. Da ta shiga madafa ta bar wayar a kan tabarma, sai na ɗauka. Na san ba kyau, na kuma nemi gafarar Allah. Saƙonki da Turanci yake, gajere, na ga kalmomi uku a ƙarshensa. Na kwafe su harafi bayan harafi a bayan littafina: “throw it away”. Ku dai kun saba, in kuna so magana ta wuce ni sai ku juya harshe. Kun manta shekarata uku ke nan ina zuwa makarantar manya, kuma bana mun shiga Turanci.

Washegari da la'asar na kai wa malamarmu, Malama Ene, wadda ta yi ritaya daga koyarwa a firamare take tara mu a farfajiyar gidanta. Ban gaya mata daga ina na samo ba. Ta duba, ta ce ma'anarsa a yar da abu, a zubar. Na ce mata na gode, na koma wurina na zauna. Ba zan ɓoye miki ba, na ji babu daɗi. Amma Malama mace ce da ba ta barin tambaya ta tafi a banza. Ta dube ni ta ce tunda Yakaka ta kawo wannan kalma, yau ita za mu ci har mu ƙoshi. Ta goge allo ta rubuta “throw” da manyan haruffa, ta ce shi ne jifa. Ta ce wajen faɗinsa sai mutum ya sa harshe tsakanin haƙoransa na gaba ya hura iska. Joda mai nono, wadda muke zama benci ɗaya, ta buɗe baki ta nuna mata wawulonta, ta ce ita dai Allah Ya yafe mata wannan darasi, a ba ta wata kalmar da ake faɗa da dasashi. Muka yi dariya har da masu share hawaye da bakin mayafi.

Sai Malama ta shiga ɗaki ta fito da ƙwallon roba, ta sa muka yi da'ira, mu goma sha ɗaya, ƙaramarmu tana da jika uku. In za ki jefa ki ce “I throw”, wadda ta cafe kuma ta ce “she threw”, domin a Turanci jifan da ya riga ya wuce sunansa yana canjawa. Da ma kina nan ki ga iyayenku mata. Hajiyar da ke cewa ba ta iya sunkuyawa saboda baya, ita ta fi kowa tsalle. Joda ta wurga ƙwallon ya haye katanga ya faɗa cikin awakin maƙwabta, ta ce ai hannun kora shanu ne, bai san wasa ba. Ni kuwa na nufi hannun Malama, ƙwallon ya sami ɗankwalinta. Ta gyara ɗauri ta ce Turancina daidai ne, saitin ne yake bukatar maimaici.

Da muka huce ta ci gaba da yi mana bayani. Ashe kalmar nan ba ta zama ita kaɗai, kullum da 'yar rakiya, kuma 'yar rakiyar ce ke nuna inda aka dosa. In an ce “throw back”, an mayar wa mutum da abin da ya jefo. “Throw out” kuma a fitar da abu waje, har mutum ma ana yi masa haka in an kore shi. Ta ja mana kunne a kan “throw up”, ta ce ba jifa sama ba ne kamar yadda muke zato, amai ne, kada wata ta je ta ba da mu a gaban baƙi. Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne wai in mutum ya shirya walima, cewa suke ya yi “throw a party”. Joda ta ce lallai mutanen nan ba su taɓa dafa shinkafar mutum ɗari ba, da sun san biki ba abin jefawa ba ne, ɗaukarsa ake yi a ka. Ni kuma na ce ai mu ma muna jefa ƙuri'a, muna jefa ƙafa, muna jifan mutum da magana, ba wanda ya taɓa ganin dutse a hannunmu. Malama ta sa aka tafa mini. Shekarata hamsin da takwas, ranar aka fara tafa mini a aji.

A hanyar gida na yi ta tunani, sai na ga ashe ni da ke ba mu yi nisa da juna ba. Ke kin ce a jefar, ni ma jifan nake so a yi, bambancin kawai ni ina da inda nake so ya sauka. Kin san soron ƙasar nan na babanku, ɗakin ƙasa ɗaya tilo da ya rage a gidan. Duk wanda ya yi famfara a cikinku, ku shida, a kan rufin soron nan ya jefa haƙorinsa. Yaro ya juya wa ɗakin baya, ya haɗa haƙorin da ɗan gawayi, ya wurga ta saman kansa, ya ruga da gudu bakinsa a rufe don kada ƙadangare ya ga giɓin. Ke sau uku kina jefawa yana dawowa, na huɗu sai da babanku ya ɗaga ki a kafaɗa. Kowace shekara kafin damina ana yi wa rufin yaɓe, haƙoran suna shigewa cikin ƙasa. Shi ya sa nake ce wa babanku ɗakinsa ya fi shi haƙora. Na san za ki ce camfi ne. Ni ma na sani, Allah ne ke fitar da haƙori, ƙadangare ba shi da ko sisi a ciki. Ba don tsoro nake so ba. Ina so ne yarinyar nan ta yi abu ɗaya a gidan nan irin wanda uwarta ta yi, ta san tana da wani abu nata a Potiskum. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, balle wanda bai taɓa ajiye komai a cikinsa ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Yayanku ya yanke shawara zai rushe soron ya gina na bulo, kuma ban ga laifinsa ba, don bara bangon gabas ya tsage har ana hango haske. Ya yi magana da Choji magini. Choji ya ce in dai ana so a gama cikin kwanciyar hankali, a fara kafin azumi. In kuma an bari sai bayan Sallah, zai yi, amma za a yi tsere da ruwan farko, kuma dole a gaya masa da wuri don ya karɓi wani aikin a tsakani. Yayanku yana son a fara yanzu. Da na kawo maganar haƙori ya yi dariya ya ce ashe ɗan abin da bai kai ƙwayar masara ba zai tsayar da tifa biyu ta yashi. Babanku kuwa sai da ya gama cin abinci ya wanke hannu, sannan ya ce ɗakin ya shekara talatin da biyar yana tsaye, bai ga abin da sati shida zai rage shi da shi ba, amma kada a sa magini jiran gawon shanu. In Murjanatu ta ce za ta kawo yarinyar da Sallah, a jira. In ba ta ce ba, a rushe. Ka ji mutumin da ke cewa ba ruwansa da maganar mata.

Saboda haka maganar tana hannunki. Na san hanya da nisa, na san aikinki na asibiti ba ya sakin mutum yadda yake so, kuma sai maigidanki ya yarda. Ki nuna masa wannan takarda in kin ga dama, ki ce surukarsa ce ke roƙo. Ban ce ku yi sati biyu ba, ko kwana huɗu ne sun isa. In kuma ba zai yiwu ba, ki gaya mini ni da kaina, kada ki bi ta wajen Bintu. Yarinyar nan ba ta iya ƙarya ba, wahalar da ita kawai kike yi.

Ni dai ina nan ina shiri. Haƙorin yana cikin ƙaramin gwangwanin man shafawa a ƙasan akwatina. Kullum bayan azahar ina tsayawa a tsakar gida in maimaita abin da zan gaya mata, kaji suna kallona. Malama Ene ta duba mini, ta ce babu kuskure. Ga shi na rubuta a nan da manyan haruffa, ki ba ta ta karanta da kanta, kada ki karanta mata: UMMITA, COME. THROW YOUR TOOTH ON MY ROOF. Wato ta zo ta jefa haƙorinta a kan rufina. Ki kuma tambayar mini ita abin da ta gaya mini ran nan da ta rufe mini hannu. Wata biyu ke nan ina so in sani. Ki rubuto mini shi yadda ta faɗa da Turancinsa, zan kai wa Malama mu warware shi tare.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki yi masa godiyar maganin gwiwar da ya aiko. Ki gaida ƙanwarsa Falmata da kuke zaune tare, da maƙwabciyarki Maman Olivia da ta kula da ke lokacin da kika kwanta. Babanku yana sa muku albarka. Yayanku da matarsa da Bintu suna gaishe ku, Joda ma ta ce a gaida mai sabon wawulo, wai ta samu 'yar'uwa.

Babaji zai juyo cikin mako mai zuwa, ki ba shi amsa, ko ki kira ni a waya ranar da ba ki gaggawa. Ko ta wace hanya, ina roƙonki ta iso ni kafin Juma'a, ɗaya ga watan Maris. Ranar, bayan an sauko daga masallaci, Choji zai zo ya tsaya a zaure ya ji ko ya kawo diga. Ina so in leƙa in ce masa ya dakata tukuna, akwai wata ƙaramar ma'aikaciya a Fatakwal da ba ta gama aikinta a kan rufin ba.

Wassalam.

Mahaifiyarki mai yi miki addu'a kullum,
Yakaka