Inda Aladu Suka Tona

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara.

Dajin nan da nake gadi ya fara ba ni tsoro. Tun da aka zagaye shi da waya don hana aladun daji shiga, babu mai tona ƙasa. A da su ke birkita ta, su binne busasshen ganye, iri ya samu wurin tsira, tsuntsaye su biyo tsutsa. Yanzu ganye ya kai mini gwiwa, ba tsiro, ba kukan tsuntsu. Ashana ɗaya ta ishe mu, ga ɗakinmu a cikin wayar. In na yanke ta kuma, aiki ya tafi.

A taya mu da addu'a.
Ƙaninki

Auta,

Wa'alaikumus salam. Kai dai ba ka rabo da abin dariya! Wai kewar alade kake yi? Kai da kyankyaso ke sa ka hau gado? Kul, kada ka taɓa wayar mutane, yara uku gare ka. Sa matarka ta share bakin ɗaki, shi ke nan.

Ka gaishe ta.
Yayarka

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ban ji maganarki ba, ki yi haƙuri. Na ɗaga wayar kaɗan ta wajen rafi. Aladun sun shigo, sun tone fili kamar gona, har ciyawa ta fito shar. Amma sauran dajin yana nan ƙayau, iska kuma ta juya. Jiya na ji ƙaurin hayaƙi.

Ƙaninki

Yaya,

Sallama. Ni ce matar Auta. Wuta ta taso jiya da rana. Ya kwashe mu da gudu ya kai mu filin da aladun suka tona, ya ce mu kwanta a ƙasa. Wutar ta zo har bakin wurin ta rasa abin ci. Yara ko ƙwarzane babu.

Shi kuma ya ɗauki almakashin waya ya koma, wai akwai bareyi da suka maƙale a ciki. Mun ga bareyin sun fito, shi kuwa har yanzu ba mu gan shi ba.

Yaya, don Allah ki zo.