Shirun da ya sauka a shagonmu

Zuwa ga Yayana abin girmamawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali, Ya kuma yaye maka ciwon gwiwar nan da aka ce yana hana ka zama a sallah. Mu nan lafiya lau. Gwaggo ta samu sauƙi, har ta koma faɗa da jikoki. Ka gafarce ni da na ɗora maka karatu a kan hidimomin da ke gabanka. Na so in yi shiru, amma maganar ta ƙi barina in huta, kuma a waya nauyinka ba zai bar ni in faɗe ta ba.

Maganar Maman Biyu ce, wadda muke ɗinki tare a shagonka tun 'ya'yanmu suna goye. Ka san Kirista ce, ba ta kuma taɓa ɓoyewa ba. Gicciyenta yana wuyanta a fili, tana taka keke tana rera waƙoƙin cocinsu, kuma ba ta sa almakashi a yadin mutane sai ta yi addu'a da sunan Yesu, kamar yadda nake yin Bismillah. Takan ce yadin da ya sha addu'a biyu ba ya ɓaci. Ni kuma in tsokane ta in ce, da irin muryar waƙar nan tata, gara ta riƙe ɗinki da kyau. In na shimfiɗa darduma a bayan teburin yanka, sai ta ɗaga ƙafa daga keke har in sallame, ban taɓa roƙonta ba.

Kwanakin baya sai na ga shago ya yi tsit. Waƙa ta ɗauke, gicciye ya koma cikin riga, in za ta yi yanka sai ta juya mini baya tana motsa leɓe kamar mai laifi. Na zaci rashin lafiya ce ko damuwar gida. Da na matsa mata, sai ta ce, idonta na kan zare, ai da na gaya mata da bakina da ta fi jin daɗi. Wai babban ɗanka ya same ta ya ce ni na kai ƙararta wurinka, cewa addu'arta tana damuna, tana kuma korar mana masu kawo ɗinki.

Yaya, ban ɓata lokaci ba. Na kira ɗan naka na tambaye shi, bai musa ba. Ya ce wani mai makaranta da zai ba mu ɗinkin kayan ɗalibai ne ya yi tsegumi a kan gicciyen, kai kuma ka ce a yi mata magana da sunana, domin ni kaɗai take jin kunya. Wato kunyata da take ji, wadda muka daɗe muna ginawa, ita ka ɗauka ka yanka ta da ita. Shagonka ne, da ka fito ka ce ba ka so, da na ba ka haƙuri ko mu yi gardama irin ta 'yan uwa. Amma ka sa mini magana a baki, maganar da ban taɓa ko rayawa a zuciyata ba. Tabarma ɗaya muka zauna a gaban Malam ni da kai, ka ji abin da ya sha faɗa mana game da shaidar zur da haƙƙin maƙwabci. Ni ban manta ba.

Na rantse mata cewa ba ni ba ce. Ta ce ta yarda, amma na ga yardar ba ta kai ciki ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce ba za ta iya neman abinci a inda sai ta cusa imaninta cikin riga ba, don haka in wata ya ƙare za ta kwashe kayanta. Har ta soma mayar wa mutane yadinsu.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kai Yayana ne har gobe. Abu ɗaya nake roƙo. Ka kira ta da kanka, ka gaya mata ba ni na faɗa ba, kuma ta zauna yadda take, da waƙarta da gicciyenta. In hakan ya yi maka nauyi, to ka yafe mini, ranar da za a fitar da kekenta za a fitar da nawa.

Ka gaishe mini da Antina, da Auta, da amaryar ɗanka na biyu. Gwaggo tana sa maka albarka, ban gaya mata komai ba tukuna. Don Allah ka ba ni amsa da wuri, kafin watan ya ƙare.

Ƙanwarka mai jin maganarka,
Mai ɗinki