Faɗin Ƙofar Ɗakin Umma

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ya jikin Umma?

Na ga saƙonka cewa an kusa sallamarta daga asibiti, kuma tunda yanzu a keken guragu take, kana so a mayar da ita wani gidan. Ka san Umma. In ba ɗakinta ba, ko abinci ba za ta ci ba.

Tsara gidajen mutane ne sana'ata, amma da na zauna kan namu kaina ya kulle. Matakala, banɗaki, gado, duk suka tsaya mini a wuya. Sai na zuba komai a manhajar da muke aiki da ita a ofis. Ita ba ruwanta da hawayena. Ta yanka matsalar gunduwa-gunduwa, ta nuna wane aiki ke jiran wane, sannan ta kafe sai an ba ta awon kowace ƙofa. Na ce na san su da ka, ta ƙi. Don Allah ka auno mini.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Muna lafiya, jiki da sauƙi.

Na auna. Ƙofar ɗakin Umma da kike cewa ko amalanke zai wuce, keken ba ya shiga, saura kamar tafin hannu. Kin manta tun kina ɗage ki leƙa tebur aka kai ki makarantar kwana. Komai na gidan nan babba ne a idonki. Sauran ƙofofin sun isa.

Gaskiya na karaya. In keke bai shiga ɗakinta ba, me ya rage?

Yayanki

Yaya,

Barka da ƙoƙari, kuma na ji tsiyar.

Kwantar da hankalinka. Da na sa awon, rabin abin da ke ba mu tsoro ya ɓace daga allon. Banɗaki ƙarfen dafawa kawai yake so. Matakala a yi mata gangare. Ƙofar kuwa kafinta ya cire katakon gefe ya sa siriri, shi ke nan, ba a taɓa bango. Wallahi sai da na yi ajiyar zuciya har wadda ke kusa da ni a ofis ta juyo.

A gaida Umma.

Auta

Auta,

Umma ta dawo jiya. Keken ya shige ɗakinta ko gogawa bai yi ba. Ta dubi ko'ina, sai ta ce wane mara aikin yi ne ya matsar mata da madubi. Har yanzu faɗa take yi, cokali a hannu. Ban taɓa jin daɗin faɗanta haka ba.

Ki huta lafiya.

Yayanki