Appa Ya Yi Minshari a Ajin Yoga

Chatsworth, Durban

Zuwa ga ƙanwata Kogie,

Gaisuwa mai yawa tare da kewa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Selvan da yara. Ubangiji ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a can nesa. Mu nan ƙalau muke. Mangwaron bayan gida ya yi 'ya'ya sosai, sai dai birai sun riga mu.

Na ga saƙonki cewa za ki yanko wa mahaifinmu Appa tikiti ya koma wurinki Perth gaba ɗaya, tunda jininsa ya ƙi sauka. Ban ga laifinki ba, amma dakata ki ji. Kin san tun rasuwar Mama na sa shi ajin motsa jiki na yoga a zauren haikalinmu, kuma bai taɓa fashi ba. Abin ya ɗaure mini kai, mutum kullum yana zuwa amma ba sauƙi, ba barcin kirki. Sai na ɗauki tabarma na bi shi, ni da wannan ƙugu nawa da ko durƙuso sai an yi rigima da shi.

Kogie, da kin ga abin kunya! Shi da amininsa Kawu Moonsamy sun kame sahun gaba suna gasa kamar zakaru. Kawu ya ce masa, "Tsohon direba, tsayuwa da ƙafa ɗaya ta gagare ka, da me ka taka birki shekara da shekaru?" Appa ya ce shi dai ya riƙe tumbinsa kada ya faɗo wa mutane. Amma da aka zo ƙarshe, malamarsu Premilla ta ce kowa ya kwanta rigingine, ya rufe ido, ya saki jiki, sai Appa ya naɗe tabarma ya sulale, wai zai ba shuka ruwa. Malamar ta ce mini kullum haka yake yi, alhali amfanin duk yana cikin wannan hutun. Ta ce kamar a haɗa shinkafar biryani ne a sauke kafin ta turara.

A hanya na sa shi gaba da mita, kin dai san bakina. Sai da muka iso ƙofar gida sannan ya ce, "Haka na ga gawar uwarku a falo, rigingine, fitila a wajen kanta, kowa ya yi tsit. In na kwanta haka, ita nake gani." Na shiga kicin na sha kukana.

Da na gaya wa malamar, cewa ta yi wa ya ce dole sai rigingine? Da muka koma aji, sai ta kawo matashi, ta ce ya kwanta ta gefe. Kawu ya jawo tabarmarsa ya manna bayansa da na Appa yana gunaguni, wai in ya motsa zai zauna masa a kai. Appa ya juya gefen hagu, yadda yake kwanciya a da yana fuskantar Mama, ni kuma na kwanta a gabansa. Can sai muka ji minshari, irin na motarsa in tana hawan tudu. Mata suna ta danne dariya, malamar ta hana a tashe shi.

Tun daga ranar ba ya guduwa. Ya rage gasa, yana shan maganinsa, kuma likita ya ce jinin ya fara sauka. Don haka ina roƙonki, ki bar mana shi. A can wa zai zage shi kamar Kawu? Appa kuwa ya ce tikitin ki yanka wa kanki, ki zo bikin Diwali, wai akwai wurin tabarma ɗaya kusa da shi.

Ki gaida Selvan, ki sumbatar mini Thiru da Meshni. Gwaggo Saras tana gaishe ku. Appa ma zai gaishe ku in ya farka.

Yayarki mai ƙaunarki,
Vasanthi