Motar Baba Ta Sake Murya

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya zaman Fatakwal? Ya iyali? Mu nan Gummi lafiya, sai ciwon ƙafar Inna.

Zancen motar marigayi Baba ne. Tun da na ratsa ruwa da ita a hanyar Adabka, ɗauke da dawa, take mutuwa ana cikin tafiya. Bakanike ya canza fulogi da famfon mai, a banza. Sai da wani mai gyaran wayoyin mota ya jona na'ura ya gano ƙwaƙwalwar injin ce, ruwa ya shige ta. Aka kawo ta hannu daga Gusau aka ɗaura.

Ta tashi, Yaya, amma ba da muryarta ba. Ka san Inna tun daga kwanar masallaci take gane ƙararta, ta ce ga mai gida nan, ko bayan rasuwarsa. Jiya na tsaya a ƙofar gida, na ji tana tambayar wane baƙo ne.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. In kun yi waya, kada ka yi mata zancen motar.

Ƙaninka,
Bello